Dogon da Na Shimfiɗa a Zaurenmu na Lambara

Duk wanda ya yi ƙuruciya tsakanin Boɗinga da Shagari ya san cewa kaka ba ta manoma kaɗai ba ce. Da an yanke dawa, zangarniya ta shige rumbu, sai kara ya zama rabon yara. Mu baje a gindin bishiya, mu ɓare bayan kara, mu yanka totuwarsa gunduwa-gunduwa, mu soke da ƙayar aduwa a madadin ƙusa. Ƙafafu kuwa daga sakaina ko tsohon silifa muke yanko su. Kafin la'asar kowa ya fito da motarsa yana ja da igiya, baki na aikin inji. Abin da ido ya gani shi hannu ke kwaikwayo: manyan motocin bodin katako masu bin hanyar Sakkwato zuwa Jega, shaƙe da albasa da buhunan gero. Babu wanda ya taɓa ƙera jirgin ƙasa a cikinmu, don babu wanda ya taɓa sa shi a ido.

Ina ɗan shekara goma, zamanin da Alhaji Shehu Shagari ke shugabancin ƙasa, kawuna mai fataucin fatu ya tafi da ni Gusau. Can na ga dogo. Ƙasa ta fara rawa a ƙarƙashin ƙafata tun ban ga abin da ke tafe ba, sannan kan jirgin ya ɓullo yana jan taragu, ina ƙirgawa har lissafi ya ɓace mini.

Na ce, "Kawu, ina za shi?"

Ya ce, "Ƙaura."

"Daga Ƙaura fa?"

"Nan dogo yaƙ ƙare."

"Don mi bai isa Sakkwato ba?"

Ya dube ni ya yi dariya. "Sai ka tambayi waɗanda sunka yi shi."

Da muka dawo gida na jera gwangwanayen kifi shida, na ɗaure su da zare, na sa musu ƙafafun sakaina. Abokaina suka ce wannan ai macijin gwangwani ne. Kan jirgin na kara ne, na kwana uku ina fama da shi. Na bar shi a bakin zaure na tafi makarantar allo, na dawo na tarar jar akuyar Inna tana tauna ragowarsa. Nan na watsar da zancen jirgi, har shekara talatin da 'yan kai.

Abin da ya tono shi wani ɗan bidiyo ne da na gani a waya, ina malamin firamare, furfura ta fara leƙowa. Wani gida ne a birnin Hambug na Jamus, ana ce masa Miniatur Wunderland, wanda wasu tagwaye, Frederik da Gerrit Braun, suka buɗe a 2001. A cikinsa an shimfiɗa ƙananan layukan dogo da tsawonsu ya haura kilomita 15, ga duwatsu, ga gadoji, ga garuruwa da fitilunsu. Na bi diddigi sai na gane cewa sha'awa ce tsohuwa a Turai. Kamfanin Märklin na Jamus ya fito da ƙananan jirage masu tsayayyen awon layi tun 1891, Hornby na Ingila ya biyo baya a 1920, kuma dattawa masu jikoki ne suka fi ba abin lokaci. Na ce a raina, ashe motar kararmu tana da dangi a duniya. Na share kusurwar zaure, na sayo falankin silin biyu, na fara. Ga abin da shekarun da na yi a wannan kusurwa suka koya mini.

Hanya kafin jirgi

Wata uku na kwashe a kan kan jirgin. Na ƙera shi da gwangwanin man gyaɗa, na ciro ɗan injin da ke juya kaset daga wata matacciyar rediyo, na shafe shi da koren fenti, har fitila na sa masa. Layin kuwa da yamma ɗaya na gama shi: tsinkayen alminiyon da na roƙo a wurin masu haɗa taga, na manna su a kan guntayen katako da ido kawai. Na tara yara, na ɗora jirgi, na haɗa batir. Bai yi taku biyu ba ya kife.

Wani kafinta maƙwabcina ya leƙo, ya sa tef ya auna faɗin layin wuri uku, ya samu awo uku daban-daban. Ya ce, "Malam, ka yi wa ango ado, ka manta ba a share hanya ba." Ya ɗauki wani guntun katako ya yi masa tsaga biyu, ya ce duk inda zan kafa layi in fara zura wannan, in bai shiga ba kar in buga ƙusa.

Wannan ɗan katako shi ya buɗe mini ido a kan dogon gaske. Tsohon layin Najeriya, wanda ya iso Kano a 1911, faɗinsa ƙafa uku da inci shida ne, wato milimita 1,067, tun daga Legas har Nguru. Sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 kuwa milimita 1,435 ne, shi ya sa jirgin wannan ba ya hawa layin wancan. An taɓa yin wani siririn layi daga Zariya zuwa Jos mai faɗin ƙafa biyu da rabi, don kwaso kuza. Duk kayan da ya kawo Zariya sai an sauke an sake lodi a wasu taragun, kuma a 1957 aka rufe shi. Jirgi kowa ke kallo, amma tazarar da ke tsakanin ƙarafa biyun nan ita ke yanke hukuncin inda zai iya zuwa. Na tuno yadda muke yi a makaranta: mu kwana muna shirin bikin ba da kyauta, alhali yaron aji huɗu bai iya haɗa baƙi ba. Na ɓamɓare layin gaba ɗaya, na sake shi a wata biyu.

Awo ba ya son kai

Masu wannan sha'awa suna da ƙa'ida: komai za a rage shi da awo ɗaya. Wanda ya fi yaɗuwa a duniya shi ne kashi ɗaya cikin 87, inda faɗin layi ke zama milimita 16.5. Akwai na ɗaya cikin 76 da mutanen Ingila suka fi so, akwai kuma ƙarami na ɗaya cikin 160. Ni da nake aiki da gwangwani da almakashin tela, na zaɓi ɗaya cikin 40. A wannan awo tsohon layinmu ya koma kusan milimita 27, mutum mai matsakaicin tsawo ya koma santimita huɗu da ɗan ɗoriya, rumbu mai mita uku ya koma santimita bakwai da rabi.

Lissafin ba shi da wuya. Bin sa ne aiki. Na gina raƙumi da yumɓu, kuma saboda ina son raƙuma na zauna na fitar masa da tozo da gwiwoyi da akala. Da na ajiye shi gefen tasha sai ga shi ya kere rufin. Inna, wadda tsufa bai rage mata kaifin baki ba, ta dafa sanda ta leƙo.

Ta ce, "Wanga raƙumi, shi ka shiga jirgin ko jirgin ka hawa nai?"

Na duba sauran kayan da idon basira. Masallacin da na yi ya fi ƙarfin garin, gidan da na kwaikwayi namu ya ninka na maƙwabta, leburorin tasha kuwa na yi su ƙanana kamar tururuwa, don na gaji lokacin da na zo kansu. Ban yi niyya ba, amma duk abin da raina ke so na kumbura shi, wanda ban damu da shi ba na tsuke shi. Tun daga ranar, kafin in taɓa yumɓu sai na rubuta ainihin tsawon abu na raba da 40. Kuma tun daga ranar nakan tsargu idan ina ba da labarin wata rigima da aka yi da ni, in ji nawa uzurin ya kere rufin tasha, na abokin faɗan ya koma tururuwa.

Kwana ita ce alƙali

A miƙaƙƙen layi kowane jirgi gwani ne. Kwana ke tona asiri. Ƙafafun taraguna na kwarkwaron keken ɗinki ne, wanda faɗinsa ya yi daidai da awona, ga shi da leɓe biyu da ke rungume ƙarfen layi ciki da waje. Na yi murna, na ce wannan ko girgizar ƙasa aka yi ba zai sauka ba. Bai sauka ba kuwa, amma da ya iso kwana sai ya cije ya tsaya cik, injin na kuka.

Sai da na tsura wa hotunan ƙafar jirgin gaske ido na ga kuskurena. Leɓe ɗaya gare ta, ta ciki kawai. Fuskar da ke taka ƙarfe kuma ba a shafe take ba, tana da ɗan gangare: ta fi kauri kusa da leɓen, ta sirance ta waje. Ƙafafu biyun a haɗe suke da ƙarfe ɗaya, tare suke juyawa. Idan an shiga kwana, jirgi yakan ɗan gusa waje, ƙafar waje ta hau wurin mai kauri ta ci tazara mai yawa, ta ciki ta sauka wurin siriri ta ci kaɗan, sai jirgin ya karkata da kansa ba tare da sitiyari ba. Leɓen nan na ko-ta-kwana ne kawai. Na ɗauki magagari na goge leɓen waje na kowane kwarkwaro, na bar ɗan sarari tsakanin ƙafa da layi, na kuma buɗe kwanar ta yi faɗi. Jirgi ya wuce sumul.

Lokacin babban ɗana yana shekara goma sha biyar, kuma kullum muna cikin saɓani. Na kafa masa doka ta gabas, na kafa ta yamma, ina ganin tarbiyya nake yi. Daren da na goge kwarkwaron nan na daɗe ban yi barci ba. Abin da aka matse ta ɓangare biyu ba ya faɗuwa, gaskiya ne, amma ba ya iya juyawa. Ban cire masa leɓen ciki ba: salla da karatu da dawowa gida kafin isha suna nan. Sauran na sassauta.

Kwanar ta ƙara mini wani karatu. Taragon da babu kaya a cikinsa, in aka sa shi tsakanin masu nauyi, shi ake fizgewa daga layi. Na zuba tsofaffin ƙusoshi a gindin kowane tarago, can ƙasa, don nauyin da ke sama kifar da abu yake yi. Hawa ma haka: da na ɗaga layin don ya haye gada, ƙafafu suka riƙa sulɓi. Ƙarfe a kan ƙarfe ba ya da riƙo, shi ya sa dogo ke zagaye tudu maimakon ya hau shi. Na mayar da hawan santimita biyu a kowace mita, sannan aka zauna lafiya.

Lambara ba Hambug ba ce

Duk shawarar da na karanta ta mutanen da ke gini a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa ce, inda babu ƙura babu gara. Su ta cikin ƙarfen layi suke tura wuta zuwa ga jirgi. Na gwada, hunturu ya shigo, ƙura ta kwanta, wuta ta yanke kowane taku. Na haƙura na ɗora batir a taragon farko, jirgina ya riƙa ɗaukar guzurinsa kamar matafiyin da. Gara ta cinye mini gadar kara a mako guda, sai na ɗora falankin a kan ƙafafu, kowace ƙafa a cikin gwangwani mai baƙin mai. Gine-ginen laka suka riƙa zubewa, har wani tsohon magini ya tuna mini da makuba, wadda kakanninmu ke shafe katanga da ita. Bishiyoyi na yi su da soso da aka rina, ciyawa da dusar katako, manne kuma da ƙaro.

Bazara ta zo da nata. A watan Afrilu, lokacin da zafin ƙasar Sakkwato ke haura digiri 40, katako ya bushe ya tsuke, ƙarfe ya sha zafin kwano ya miƙe, layin ya yi doro kamar bayan raƙumi. Ashe wannan ƙarar da na ji a Gusau, ƙaf-ƙaf, ƙaf-ƙaf, ta ɗan gibin da ake bari ne a mahaɗar ƙarafa don su samu wurin miƙewa. Na yanke nawa na bar gibi mai kaurin farce. Ilimin waje na da amfani, amma da ɗan gari akan ci gari. Rabin abin da ya ceci dogona daga bakin kafinta da magini da tela na same shi, mutanen da ba su taɓa shiga jirgi ba.

Uwargida ta daɗe tana kallon abin a matsayin taɓuwa. Takan ce, "Malam, mutane na gina shago, kai kana gina tasha." Ban yi musu ba. Ta sauko ne ranar da ta ga yaran unguwa goma sha biyu sun yi tsit a zaure, suna raba 300 da 40 a ƙasa da yatsa, don na ce babu mai taɓa yumɓu sai ya kawo amsa.

Me jirgin zai ɗauka?

Farkon layin da na yi da'ira ce. Jirgi ya zagaya, ya sake zagayawa, kafin a sha shayi kowa ya gaji. Jirgin da ba ya zuwa ko'ina ba ya riƙe ko da yaro. Sai na warware da'irar na miƙe ta a jikin bango, na yi tasha huɗu: Zariya, Funtuwa, Gusau, Ƙaurar Namoda. Nan tambaya ta taso: me za a loda, a ina, zuwa ina? Na ɗinka ƙananan buhunan gyaɗa, na dunƙule auduga na ɗaure, na yanka guntayen jar fata.

Ina cikin jera buhunan nan a tashar Ƙaura na ga amsar da Kawu ya hana ni. Layin Zariya zuwa Ƙaurar Namoda, wanda aka kammala a 1929, ba don ziyara aka yi shi ba. Auduga da gyaɗa ya zo ɗauka, daga ƙasar Katsina ta kudu da Zamfara, kamar yadda reshen Nguru na 1930 ya bi gyaɗar gabas, kamar yadda isowar dogo Kano ta haifi dalar gyaɗa. Ka ɗauki taswirar tsohon dogo ka duba: kowane reshe gangarawa yake yi zuwa teku, Legas ko Fatakwal. Babu wanda ya haɗa Sakkwato da Katsina, ko Kano da Maiduguri kai tsaye, duk da cewa waɗannan hanyoyi ne da fatake suka daɗe suna bi. Maiduguri ma sai 1964 dogo ya isa. Sakkwato, birnin Shehu, ba ta shiga lissafin ba, kayanta sai dai a bi da su ta mota zuwa bakin dogo. Muna yara aƙalla muna iya cewa jiharmu na da jirgi. Da aka yanke Zamfara a 1996, Gusau da Ƙaura suka tafi da shi. A 2021 an aza harsashin sabon layi daga Kano zuwa Maraɗi ta Daura da Katsina da Jibiya. Mu dai har yanzu a waya muke kallo.

Littafi ya sha gaya mini wannan, amma bai zauna mini ba sai da na zama ni ne mai yanke inda layi zai bi. Duk wanda ya shimfiɗa hanya, akwai abin da yake son ɗaukowa. In kana son sanin nufinsa, kar ka saurari jawabinsa, duba abin da ke cikin taragu da kuma inda suka dosa.

Bara da sallar layya aka kawo Kawu gidanmu, ya tsufa ƙwarai, sai an riƙe shi. Na zaunar da shi a zaure, na haɗa batir. Jirgi ya tashi daga Zariya, ya tsaya Funtuwa, ya haye gada, ya wuce Gusau, ya je Ƙaura ya tsaya daidai inda falanki ya ƙare. Kawu ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Nan yaƙ ƙare?"

Na ce, "Nan ne, Kawu. Haka yake a gaske."

Ya ce, "Don mi bai iso Lambara ba?"

Na buɗe baki zan kawo masa 1929 da gyaɗa da auduga, sai ya ɗaga hannu.

"Wancan na Turawa ne. Wanga wa yay yi shi?"

Yara suka fashe da dariya, ni kuwa na rasa ta cewa. Shekara da shekaru ina gunagunin an tsaya a Ƙaura, da aka ba ni falanki da ƙusa da cikakken iko, ni ma a Ƙaura na tsaya.

Bayan salla na sayo falanki na uku. Reshen zai tashi daga Gusau, ya bi Talatar Mafara da Tureta ya shiga Sakkwato, sannan ya gangaro Boɗinga ya iso gida. Yana buƙatar mararrabar layi, abin da na daɗe ina gudu saboda wuyarsa, kuma sau huɗu ke nan ina lalata ta. Na ce wa yaran ba za a buga ƙusa ko ɗaya ba sai sun faɗi abin da jirgin zai ɗauka. Suka kawo jeri: albasa da tafarnuwa, shinkafar fadama, siminti daga Kalambaina, raguna kafin layya. Wata 'yar aji biyar ta ce a ƙara taragon mutane, don kakarta ta riƙa zuwa asibiti Sakkwato ba tare da jijjigar mota ba. Ita na miƙa wa ɗan katakon nan mai tsaga biyu. Yanzu haka layin ya wuce Tureta da taƙi ɗaya.